Ina neman sunan wani tsohon gem na PS2, wanda mutum yake ɗaga sojoji da tunani

Ɗan Aboabo (Kumasi):

Assalamu alaikum. Taimako nake nema wurin waɗanda suka yi zamanin PlayStation 2.

Yayana, Allah ya jiƙansa, ya riƙe ɗan shagon gem a Aboabo daga 2006 zuwa 2008. Talabijin uku, benci biyu, da baƙin labule a ƙofa don kada hasken rana ya kashe hoto. Da rana ƙwallo ce da Mortal Kombat, sidi dubu biyu kowane wasa, da aka canja kuɗi a Yulin 2007 ya koma pesuwa ashirin. Amma bayan isha'i, in ya ja ƙofa, akwai faifan da yake fitowa da shi daga ƙarƙashin akwatin kuɗi. Ba shi da kwali, mu dai "mai aljanu" muke ce masa. Ina ɗan shekara goma sha ɗaya a lokacin, ba ya ba ni hannun gem sai ya tashi shan ruwa.

Ga abin da nake tunawa. Kana ganin mutuminka daga baya, yana da bindiga, amma ba ita ce abin kallo ba. Ya farka a wani wuri kamar asibiti, kansa ƙwal, jikinsa duk bandeji, bai san ko sunansa ba. Yakan miƙa hannu ya ɗaga soja sama ya maka shi da bango. Akwai inda yake fita daga jikinsa ya shiga na wani. Na kuma tuna yana zuƙe wani abu daga kan mutum har kan ya fashe, da wani ƙaton baƙin mutum cikin kwat mai jifa da taragon jirgin ƙasa. Akwai dusar ƙanƙara ma.

Ɗansa ya kai shekara goma sha biyar yanzu, bai san mahaifinsa sosai ba. So nake mu zauna ni da shi mu buga abin da babansa ya fi so. Memorin yayan, wato katin da ake ajiye ci gaban wasa a ciki, yana hannuna, faifan ne ya ɓace.

Abu Nima (Accra):

Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta masa, ya raya abin da ya bari.

Ɗan'uwa, Psi-Ops: The Mindgate Conspiracy kake nema. Kamfanin Midway ne ya fitar da shi a 2004, su ne dai masu Mortal Kombat ɗin da kuke bugawa da rana. Mutumin sunansa Nick Scryer. An goge masa tunani aka cusa shi cikin wata ƙungiya mai suna Network, sai wata mata, Sara Blake, ta fara farkar da baiwarsa ɗaya bayan ɗaya. Shida ne: ɗaga abu ba tare da taɓawa ba, leƙa bayan ƙofa alhali jikinka yana tsaye, zuƙe ƙarfin ƙwaƙwalwar wani (nan ne kan ke fashewa), shiga jikin soja ka juya shi kan 'yan'uwansa, watsa wuta da hannu, da ganin abin da ido ba ya gani. Ƙaton nan kuwa Barrett ne. Kwana uku na yi a kansa a wani gidan gem a Mamobi kafin na gane sai ka mayar masa da abin da ya jefo maka.

Abin da ya bambanta shi da sa'o'insa shi ne komai yana da nauyinsa. Akwatin katako ba ya tashi kamar gangar mai, gawa ba ta faɗuwa iri ɗaya sau biyu. Mukan hau kan akwati mu ɗaga shi da mu a kai, mu haye saman sojoji. Ban ga wanda ya kama ƙafarsa a wannan fanni ba sai da gem ɗin Control ya fito a 2019.

Hajara Asawase:

Malam Abu, rabin amsar ka bayar. Nick Scryer bai farka cikin bandeji a asibiti ba. Wannan John Vattic ne, na Second Sight, wanda Free Radical Design na Ingila suka yi, masu TimeSplitters, Codemasters ta fitar. Shi ma 2004, 'yan watanni bayan Psi-Ops. Dusar ƙanƙarar kuma Saberiya ce, inda Vattic ya bi rundunar WinterICE neman wani masanin Rasha, Grienko, mai gwaji a kan yara.

Ɗan Aboabo, ina ganin gem biyu ka haɗa a ka, kuma ba abin mamaki ba ne. Shekara ɗaya suka fito, kowanne jaruminsa ya manta ko shi wane ne, kowanne yana ɗaga mutane da tunani. Yaro mai kallo daga gefen benci, barci na fizgarsa, dole su zame masa ɗaya.

Ni Second Sight a injin gem GameCube na ƙanin babana na buga shi, kuma har gobe na fi son sa. Vattic ba soja ba ne, mai bincike ne, harsashi kaɗan ke kayar da shi. Sai ka laɓe a kabad, ka shiga kwamfutar masu gadi ka kashe kyamara, ko ka rufe musu ido ka wuce ta gabansu, ka sami lungu ka warkar da kanka. Wurin da ya fi zama mini a rai shi ne asibitin masu taɓin hankali, inda za ka fito da Jayne Wilde. Tana tsorata ta tsuguna ta ƙi motsi, sai ka dawo ka kwantar mata da hankali kafin ta bi ka. Ban taɓa jin nauyin ran wani a gem kamar a wurin nan ba. Ƙarshensa ba zan faɗa ba, kuma ina roƙon kada kowa ya faɗa. Ku bar yaron ya gani da idonsa.

Abu Nima (Accra):

Gaskiyarki, 'yar'uwa, bandejin ya wuce ni. A labari na sallama miki. Psi-Ops ma a tsakiyar magana ya tsaya, aka rubuta za a ci gaba, ba a ci gaban ba. Waɗanda suka yi shi suka koma yin wani gem mai suna Stranglehold, Midway kuma ta karye a 2009. Abin yana min ciwo har yau. Amma a daɗin hannu ina nan kan bakana.

Baba Mai Gyara (Adum):

Ɗana, tunda memorin yana hannunka, ba sai an yi gardama ba. Ka sami PS2, ka soka shi, ka kunna ba faifai, ka shiga Browser. Duk gem ɗin da ya taɓa ajiyewa zai fito da sunansa da ɗan hotonsa, har da ranar ajiyar ƙarshe. In ta tambaye ka ko ta share memorin ta sabunta shi, ka ce a'a, ka cire, ka goge haƙoransa da auduga da ɗan sifirit.

Kuma zan yi mamaki in babu ajiya a ciki. Shekarun nan ne ruwan madatsar Akosombo mai ba da lantarki ya ja baya aka yi ta rabon wuta, duk mai dogon gem ya koyi ajiyewa a kai a kai.

Second Sight ya dawo Steam, kasuwar gem ta intanet, a 2021, kwamfuta mai sauƙi ma za ta ɗauke shi. Psi-Ops sai dai tsohon faifai, na PS2 ko Xbox ko kwamfuta. In za ka sayi injin na hannu, ka sa a gwada maka faifan DVD a gabanka na minti ashirin, don idon da ke karanta faifai ne ke fara mutuwa a cikinsu. Amma ka sani, ajiyar memorin sai da faifan yanki ɗaya da wanda ya yi amfani da shi, na Turai ko na Amurka.

Ɗan Aboabo (Kumasi):

Allah ya saka muku da alheri. Jiya bayan la'asar na je wurin wani abokina a Sawaba mai tsohuwar PS2, na tafi da yaron. Muka yi yadda Baba ya ce. Dukansu biyu suna ciki, Hajara, kusa da juna, a ƙarƙashin tarin ajiyar ƙwallo. Na Psi-Ops 2007 ne. Na Second Sight kuwa Janairun 2008, lokacin gasar cin kofin Afirka, sa'ad da shagon ke cika har waje da masu kallon wasa. Watanni kaɗan bayan nan ciwon ya kwantar da shi. Ban sani ba ko ya kai ƙarshe.

Yaron ya daɗe yana kallon ɗan hoton yana juyawa a talabijin, bai ce komai ba, sai ya tambaye ni ko za mu iya ɗorawa daga inda babansa ya tsaya. Na ce sai mun kwafa zuwa wani memorin tukuna, ba na so mu rubuta a kan nasa.

Baba, ta yaya zan gane ko na Turai ne ko na Amurka? Ranar Asabar zan shigo Adum da memorin, in za ka duba mana.