Tor Browser: ta apt zan sa, ko in sauko da shi kai tsaye?

Yayan Hafsa: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah a taimaka. Ƙanwata 'yar jarida ce, tana binciken wata rigimar filaye, kuma tun da aka fara kiranta da ɓoyayyiyar lamba hankalinmu bai kwanta ba. Hajiyarmu har kuka ta yi, wai ta bar aikin. Ni ne mai ɗan sanin kwamfuta a gidan, sai na goge tsohuwar laftof ɗina na sa mata Linux Mint (tsarin tafiyar da kwamfuta ne, kamar Windows), don in kafa mata Tor Browser, burauzar da ke ɓoye sawun mutum a intanet. Na bi ta apt, wato umarnin ɗauko manhaja daga rumbun manhajojin Linux, na buga apt install torbrowser-launcher, ya shiga lafiya. Da na buɗe sai ya hau sauko da wani abu, ya kai ƙarshe ya ce sa hannun da ke nuna fayil ɗin na asali ne bai tabbata ba. Sau uku ke nan, data ta ƙare. Ya zan yi?

Injiniya: Wa alaikumus salam. Malam, abin da ka sa ba burauzar ba ce, ɗan aike ne. Aikinsa ya je wurin Tor Project ya ɗauko, ya duba sa hannu, ya kafa. To me ya hana ka zuwa da ƙafarka? Shiga torproject.org, ɗauko fayil ɗin tar.xz da ɗan fayil ɗin .asc da ke gefensa (shi ne sa hannun), ka tantance da gpg, manhajar duba sa hannu, ka kwance shi a fodarka. Kada ka buɗe shi da sudo, wato umarnin da ke ba da cikakken iko a kan na'urar. Daga nan shi zai riƙa sabunta kansa.

Baban Ummi: Wanda ya tsorata da saƙo ɗaya za ka tura wa gpg? Tsallake tantancewar zai yi. Ɗan'uwa, duba agogon na'urar tukuna. Tsohuwar laftof in ƙaramin batirin ciki ya mutu, kwanan wata kan koma baya, shi kuwa Tor ba ya jure agogon da ya kauce.

Maman Sadik: Ni fa tun 2021 da aka rufe Twitter na sa wata manhajar VPN ta kyauta, talla ta cika min waya, har yau ba ta dawo daidai ba. Ga tsadar data. Allah ya kyauta.

Yayan Hafsa: Na gode. Amma Injiniya, a ko'ina ana cewa a Linux kada a sauko da abu daga waje, a bi rumbun manhajoji. Shi ya sa na bi ta can, ba ganganci na yi ba.

Injiniya: A sauran manhajoji haka ne. Amma rumbun Mint daga na Ubuntu, wani Linux ɗin, yake ɗiba, kuma ɗan aiken kan daɗe ba a taɓa shi ba. Ka ma gode Allah ba apt install tor ka buga ba, wannan ko taga ba ya buɗewa. Kuma ka sani, Tor ba ya kare kiran waya.

Baban Ummi: Akwai ɗan aiken a Flathub ma, wani rumbun manhajojin Linux. Wane Mint ka sa? Agogon fa?

Yayan Hafsa: Laftof ɗin na wajenta yanzu, kuma jibi za ta yi tafiya.