Faifai ɗaya, ƙungiya biyu: ya cancanci a saya?

Gitarman_88:
Salam jama'a. Don Allah ina da tambaya. Na daɗe ina jin ƙungiyar mawaƙan nan ta New Jersey, Thursday, sai jiya na gano ashe a 2008 sun fitar da faifai na haɗin gwiwa da wata ƙungiya mai suna Envy, wanda ake ce wa split, su waƙa 4 su kuma Envy 3. To me ya sa ƙungiya za ta raba faifai da wata, ba ta fitar da nata kawai ba? Kuma waƙoƙin na gaske ne ko ragowar da ba su shiga albam ba ne?

Maijidda_vinyl:
Wa'alaikassalam ɗan'uwa. Ka saya, wallahi ba za ka yi nadama ba. Ni ta nan na san Envy, 'yan Tokyo ne, da Japananci suke waƙa, ko kalma ɗaya ban ji ba amma ranar da na juya faifan na sa allura a gefensu, gita ta fara a hankali kamar ba za ta tashi ba sannan ihun mawaƙin ya faɗo, sai da tsigar jikina ta tashi. Amfanin abin ke nan, mai son Thursday a New Jersey ya gamu da Envy, na Japan ma ya gamu da Thursday. Kamfanin buga faifai na Temporary Residence ne suka buga shi.

Dan_Dischord:
Dalili na farko kuɗi ne malam. Ƙananan ƙungiyoyi ba su da halin buga faifai su kaɗai, sai su raba kuɗin bugawa, kowa ya ɗauki kasonsa ya sayar a wajen wasa. Kuma al'adar ta daɗe, tun 1982 kamfanin Dischord suka fitar da na ƙungiyoyin Faith da Void a Washington, har yau ana gardama wane gefe ya fi. Ni dai Void.

Maijidda_vinyl:
Batun ragowa kuwa, a gaskiya akwai masu yin haka, na taɓa sayen wani da gefe ɗaya kawai nake ji. Amma ka nemi na Touché Amoré da La Dispute na 2010, ƙaramin faifai ne inci 7, waƙa biyu biyu, Jeremy Bolm mawaƙin Touché Amoré ya shiga gefen La Dispute shi ma Jordan Dreyer mawaƙin La Dispute ya shiga na Touché Amoré. Wannan kam tare aka tsara shi.

Gitarman_88:
Na gode sosai 'yar'uwa. Da gefen Envy zan fara daren nan.