Zanen bango a Agege: me ya sa fenti ke ɓarewa?

Ɗan Agege: Salamu alaikum. Matasan unguwarmu za su yi zane a katangar makarantar Islamiyya. Ya za a yi kada damina ta cinye shi?

Mai Fenti: Wa alaikumus salam. In sabon filasta ne, ku jira kwana 28 ya bushe, in ba haka ba gishirin siminti zai tumɓuke fentin. Ku kankare gansakuka, ku wanke da bilic, sannan firama, wato shafin farko da ke sa fenti ya kama bango. Fentin akirilik na waje, shafi biyu. Lita ɗaya takan rufe kusan murabba'in mita 8.

Hajiya Obalende: Ɗana, ku bari sai Disamba, lokacin hunturu. Ƙasan katanga kuwa, inda kwata ke fantsama, ku shafa baƙi.

Mai Fenti: Gaskiya ne, Hajiya. In akwai tallan kamfani a jiki, sai da izinin LASAA, hukumar kula da allunan talla ta Jihar Legas.