Wuyan Baba ya karye, a kai shi tiyata Yamai ko a kira maɗori?

Ƴar garin Tawa: Assalamu alaikum ƴan'uwa, ku taimaka mini da shawara. Mahaifina shekararsa 58, ya fi shekara 20 da ciwon nan da ke manne ƙashin baya, likitoci na ce masa spondylarthrite ankylosante. Bayansa ya ranƙwafa, in an yi masa sallama sai ya juyo da jikinsa duka. Ran Laraba santsi ya kwashe shi wurin alwala, ya bugu da ƙeya. Radiyon farko, wato hoton ƙashi, bai nuna komai ba. Kwana uku, kofin shayi ya fara suɓucewa daga hannunsa, yatsu na yi masa zum-zum. Da aka yi sikana, hoton da ya fi radiyo nuna ƙashi dalla-dalla, sai ga karaya tsakanin ƙashin wuya na 6 da na 7. An ce a kai shi Yamai a sa ƙarfe. Baffannina sun ce ba a yanka dattijo a wuya, a kira mai ɗori. Ni kaina ya kulle.

Ma'aikacin lafiya, Yamai: Wa alaikumus salam ƙanwata. Don Allah kada kowa ya ja wuyan nan. Wuyan mai lafiya kamar sarƙa yake, gaɓoɓi bakwai masu lanƙwasa. Na Baba ya haɗe ya zama sanda guda, ga ƙashin ya yi rauni, shi ya sa ƴar faɗuwa ta karya shi, kuma irin wannan karaya takan ratsa daga gaba har baya. Ɓarin sama da na ƙasa kowanne na motsi, laka, babbar jijiyar da ke cikin ƙashin baya, tana tsakiyarsu. Mutuwar yatsun nan alama ce an fara taɓa jijiya. Radiyo yakan ɓoye karayar nan saboda kafaɗu na rufe ƙasan wuya. Ku tambaya ko sikanar ta ɗauki bayan duka, don akan samu karaya ta biyu a wani wuri. In an yi IRM, wani hoton da ke nuna nama da jijiya, ita ke nuna ko jini ya taru yana danne laka.

Aikin, galibi ta baya ake shiga, a ɗaura sukurori da sanduna biyu a ƙasusuwa da dama sama da ƙasan karayar, wani lokaci a ƙara ta gaba. Wuyan da ma ba ya juyawa, ƙarfen ba zai rage masa wani motsin kirki ba. Haɗari akwai: zubar jini, ciwon huhu, da wuyar sa bututun numfashi, har akan sa shi mutum yana farke.

Hajiya, Ƙonni: Ƴata, mijina irin ciwon gare shi. Abin da likita ya ja mana kunne a kai shi ne kwanciya. Kada a miƙe shi sambal, kada a danna kansa ya taɓa katifa. Ku cusa matasai da zannuwa ƙarƙashin kai da kafaɗu, ya zauna a ranƙwafawarsa ta kullum. Ko abin tallafe wuyan nan, kada a matsa masa shi da ƙarfi.

Malam, unguwar Wadata: Ni fa maɗori ya gyara mini ƙafa sarai. Ba za a gwada ba tukuna?

Ma'aikacin lafiya, Yamai: Malam, ƙafa ba laka a cikinta. Ja ɗaya a wuyan nan na iya shanye hannu da ƙafa, har numfashi. Ko zoben ƙarfen da ake kafawa a kai maimakon tiyata, dattawa ba su cika jure shi ba.

Direba, Doso: Tawa zuwa Yamai ya haura kilomita 500, ta Ƙonni, Dogonduci da Doso. Kada ku sa shi a bas. Ku nemi ambilans da ma'aikacin jinya, mutum ɗaya ya riƙe kai duk lokacin ɗagawa.

Ƴar Tawa: Allah ya saka da alheri. Na karanta wa Baffa babba, ya yi shiru, can ya ce a karɓo takardar turawa. Yayana ya tafi neman ambilans, Inna na haɗa matasai. Gobe da asuba za mu kama hanya, ku sa Baba a addu'a.