Kudun da Ke Ƙurewar Arewa

Bala Mai Jaka:
Jiya na fita daga Inverness na yi arewa a bas. Ga tambaya, amsa sai da waƙa.

Salamu alaikum 'yan uwa masu rerawa,
Na taka Sutherland, can Skotland ta yi ƙurewa.
Sanyi ya sa haƙorana suna ta kaɗawa,
Amma sunanta "ƙasar kudu" yake nunawa.
Wa ya ce wa arewa kudu? Ina mai ganewa?

Malam Inuwa:
Ɗana, mai raɗin sunan nan bai yi kuskure ba,
Mutanen Norwe ne, ba ta tudu suka zo ba.
A tsibiran Orkney suka zauna, ba su yi nisa ba,
In sun juya kudu, ba ita za su hango ba?
Suðrland suka ce, ba su shawarci kowa ba.
Masu Gelik, harshen 'yan ƙasar, ba haka suka san ta ba,
Cataibh, wato cikin kuliyoyi, ban ƙara gishiri ba.

Gwaggo Delu:
Gafarta Malam, ga tawa tsarabar guda ɗaya,
Cape Wrath, Bature ya ji ya ce teku ke hayaniya.
Ya zaci fushi ne, ashe hvarf ne na 'yan Norwe, inda jirgi ke juya.
Garin Tongue kuwa tunga ne, ba ta masuntan Najeriya,
Harshen ƙasa ne ya shiga ruwa kamar wutsiya.

Bala Mai Jaka:
Gwaggo, Strathnaver ce ta fi ba ni mamaki,
Kwarin kogin Naver, ga faɗi, ba gida ba ɗaki.
A Rosal na tsaya, kufai ne, duwatsu da haki,
Na zauna a tushen bango, iska na ratsa jiki.
Ina mutanen? Hanya duk na cika ido da tumaki.

Malam Inuwa:
Tumakin nan da ka gani su suka gaje su.
A 1814 wakilin masu ƙasa ya tashe su,
Patrick Sellar, aka cinna wuta a rufin ɗakunansu,
Don kiwo ya fi kawo kuɗi a kan hayar gonakinsu.
A 1816 kotun Inverness ta wanke shi a gabansu,
A 1819 aka dawo aka kwashe ragowarsu.
Wasu aka tura bakin teku su yi noma kan duwatsu,
'Yan Kildonan suka haye Kanada da sunan kwarinsu,
Har yau yana Winnipeg, unguwa ce ta jikokinsu.

Gwaggo Delu:
Malam ka taɓo inda ke yi mini ƙaiƙayi a zuciya,
Bettyhill aka kai korarru, ba taki ba rijiya.
Da Elizabeth ake danganta sunan, uwar gayya,
Mai ƙasar ke nan, da saninta aka yi wannan tsiya.
Ni dai ba zan kira garin da sunanta ba, gaskiya,
Am Blàran Odhar ne da Gelik, ɗan fili mai ruwan ƙasa, Bala riƙe shi da kyau har jiya.

Bala Mai Jaka:
Gwaggo, baitin ƙarshe ya karye, "jiya" ta shigo da ƙarfin tsiya!

Na gwada furta sunan, harshena ya ƙi, ya sarƙe,
Direban bas ya yi dariya har ido ya jiƙe.
Sau uku yana gyara mini, ni kuwa ina a maƙe,
Gobe zan sake gwadawa in muƙamuƙi ya warke.