Lamba biyu tana ƙara a 330i ɗina: man giya ne ko giyabos ɗin ne ya gaji?

Mai 330i:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san kan mota. Wata huɗu ke nan da na sayi BMW 330i, ƙirar E46 ta 2002, manuwal mai giya biyar, 'yar Kwatano. Agogonta yana nuna kilomita 214,000, ko da yake kun san agogon motar Kwatano ba abin rantsuwa ba ne. Inji lafiya ƙalau, ba hayaƙi, ba ya shan baƙin mai.

Tun da sanyin nan ya shigo, da safe lamba biyu ba ta shiga sai na lallaɓa ta kamar amarya. In na yi tafiyar minti goma sha biyar sai ta saki. Amma ko ta ɗau zafi, in na ba ta wuta a lamba ɗaya na fizgo zuwa biyu da sauri, sai in ji ƙurrr har cikin haƙorana. Sannan sandar giyar in tana firi da safe sai ta karkata dama, wajen lamba biyar.

Na tambayi mutum uku, na sami fatawa uku. Bakaniken unguwarmu ya ce in zuba man giya mai kauri, lamba 140, ƙarar za ta mutu. Wani ya ce kada in taɓa, kamfani ya rubuta man na har abada ne. Abokina kuma ya ce baƙin man inji ma ya isa. Kuma ba zan ɓoye muku ba, na saye ta ne da niyyar ɗan wasan mota a fili ranar Asabar. Giyabos ɗin nan zai jure? Wane mai zan zuba?

Tsohon Direba:
Wa alaikumus salam. Ɗana, abokinka bai yi ƙarya ba, zamani ne ya wuce shi. Na ja Fijo 504 haɗin Kaduna shekara da shekaru tsakanin Kano da Jos, baƙin man da muke zuba wa inji shi muke zuba wa giya, kuma haka littafin motar ya ce. Tsofaffin Honda ma haka suke. Amma taka ba 504 ba ce. Kowace mota da abincinta. Bari masu boko su zo.

Ɗan Gareji:
Oga, ka ajiye maganar 140 ɗin nan tun kafin ta ja maka asara. Man bak-aksil ɗin manyan motoci ne. E, ƙarar za ta ragu kwana biyu, domin kaurinsa yana danne ta, amma da safe sai ka sa hannu biyu kafin giya ta shiga. Ni na sauke giyabos fiye da ɗaya da aka yi wa wannan maganin.

Injiniya:
Bari in ɗan tsawaita, domin in ka gane yadda abin yake aiki ba wanda zai sake ruɗa ka.

Giyar da ke cikin motarka ta kamfanin ZF ce ta Jamus, sunanta S5D 320Z. Ita ce a cikin 328i da 528i da 530i masu manuwal, har da M3 ƙirar E36, wato ƙirar da ta gabaci E46, da aka sayar a Amurka. Lambar 320 ɗin nan ƙarfin juyin da aka ƙiyasta mata ne, Nm 320, injinka kuwa M54 mai lita 3 yana ba da Nm 300 da doki 231. Haƙoranta ba sa karyewa da wasa. Abin da ke fara gajiya a cikinta shi ne sinkiro.

Sinkiro wani zobe ne da ke tsakanin kowace giya da abin da ke kulle ta. Kafin haƙora su shiga juna, dole gudunsu ya zo daidai, to zoben nan shi ne ɗan birkin da ke daidaita su. Da gogayya yake aiki. Sai ya matse man da ke tsakaninsa da ƙarfen ya kama, sannan giya ta shiga shiru. In man ya yi kauri, zoben ba ya iya ture shi da wuri, shi ya sa da safe lamba biyu take maka gardama, in man ya yi ɗumi ya tsinke ta saki. Ka ga 140 ƙara wa Borno dawaki ne. Lamba biyu ce take fara nunawa a kusan kowace mota, domin tazarar gudu tsakanin ɗaya da biyu ita ce mafi faɗi, kuma ita ake yawan shiga a cikin gari.

Sai maganar GL-4 da GL-5 da za ka gani a jikin galan. Mutane suna ɗauka 5 ta fi 4 kyau, kamar aji biyar da aji huɗu. Ba haka ba ne. GL-5 an cika shi da sinadarin sulfa da fosfaras don haƙoran bak-aksil masu murza juna da ƙarfi. A cikin giyabos santsinsa ya yi wa sinkiro yawa, wasu kuma suna cin tagullar zoben sinkiro in sun yi zafi. Giyarka GL-4 take so, mai ruwa-ruwa.

Ka sa a ɗaga motar ka duba gefen giyabos ɗin, akwai 'yar takarda da aka manna. In ka ga MTF-LT-1 ko MTF-LT-2, wato ƙa'idar man giya ta BMW, nemi 75W-80 GL-4 wanda aka rubuta ya dace da wannan ƙa'idar. In ka ga ATF, to jan man otomatik nau'in Dexron take sha, kada ka yi mamaki, yawancin E36 masu manuwal shi ne abincinsu. Abin da take ɗauka bai kai lita ɗaya da rabi ba, ka sayi biyu.

Maman Sadik:
Malam, tambaya daga gefe. Motar maigidana Subaru WRX ce, kuma littafinta GL-5 75W-90 ya ce a zuba a giya. Ke nan kuskure muke yi?

Injiniya:
A'a Hajiya, ku bi littafinku. A Subaru dif ɗin gaba, wato abin da ke raba wa tayoyin biyu juyin inji, yana cikin gida ɗaya da giyar, mai ɗaya suke sha, kuma haƙoran dif ɗin dole sai GL-5. An ƙera sinkironta da sanin haka. BMW kuwa dif ɗinta yana can baya shi kaɗai da nasa man. Shi ya sa ba na son jin "man giya" kawai ba tare da an faɗi motar ba.

Baban Ummi:
Ni fa ina tare da wanda ya ce kada a taɓa. Ina da 325i shekara shida ban taɓa buɗe giyarta ba, ba ta taɓa ce min uffan ba. Waɗanda suka ƙera motar sun ce man na tsawon rai ne, mu da ko allura ba ma ƙerawa mu ne za mu gyara musu? Kuma na sha jin an canja man giya mota ta zauna.

Ɗan Gareji:
Yallaɓai, da girmanka, tsawon ran wa? Ran motar a lissafin kamfani, ko ranta a hannunmu? Motar da aka ƙera a 2002 ta haura shekara ashirin. Mai ita na farko ya more ta, na biyu ya more ta, ta hau jirgin ruwa, yanzu tana shan zafin Afrilu a go-sulo. Kuma giyabos ɗin manuwal ba shi da filta. Duk garin ƙarfe da tagullar da ya goge tun ranar farko yana nan yana yawo a cikin man, yana bi ta cikin boris.

Labarin an canja mai mota ta zauna kuwa, na otomatik ne da farantanta suka riga suka ƙone. A manuwal sabon mai daidai ba ya kashe giya. Abin da ke kashe ta shi ne a zuba wanda ba nata ba, ko jabu, ko a zuba rabi a ce ya isa.

Ga abin da ya fi damuna ma: sil ɗin bayan giya da na sandar canji, wato robobin da ke hana mai zuba, suna tsatsafo a waɗannan motocin in sun tsufa. Ba sandar awo, ba fitila a dashbod. Mai zai iya raguwa shekara uku ba wanda ya sani. Ko ba za ka canja ba, ka buɗe ka ga ko akwai.

Baban Ummi:
To wannan ta ƙarshen ta shige ni. Zan sa a duba tawa.

Injiniya:
Mai 330i, kafin ka kashe kuɗi ka yi gwaji biyu, kyauta ne.

Na farko, da safe kafin ka tayar da inji, taka kuloci ka bi giyoyin duka. In suna shiga sumul a kashe, amma da ka tayar ɗaya da biyu da ribas duk suka yi tauri, to kuloci ne ba ya saki gaba ɗaya. A E46 kuloci da birki gwangwanin mai ɗaya suke sha, DOT 4, kuma na tabbata ba wanda ya taɓa fitar wa na kuloci iska tun da motar ta zo.

Na biyu, kana tafiya, daga ɗaya ka dawo firi, saki kuloci, sake takawa, sannan ka sa biyu. Irin canjin tsofaffin direbobin roka. In ƙarar ta ɓace da haka, sinkiron lamba biyu ne ya sha jiki. A nan zan gaya maka gaskiya: sabon mai zai sassauta taurin safe, zai iya rage ƙarar, amma ba ya mayar da tagullar da ta goge. Duk wanda ya sayar maka da wata 'yar kwalba ya ce tana gyara sinkiro, kuɗinka yake so.

Karkatar sanda wajen lamba biyar kuma sananniyar cutar wannan giyar ce, ba ruwanta da mai. Wasu 'yan fil ne masu sifirin da ke dawo da sandar tsakiya, bushin ɗinsu ke maƙalewa in da sanyi. Sai an sauke giyabos ake canja su, don haka ka bari sai ranar da za ka yi aikin kuloci ka haɗa.

Sarkin Kwana:
Kowa ya yi maganar mai, ba wanda ya amsa tambayar wasa. Ƙanena, ni na yi shekaru ina juya E36 da E46. Giyar nan ba ita za ta fara ba ka kunya ba. Wanda zai fara mutuwa kuloci ne, da fulayiwil ɗinsa mai hawa biyu, sai robar farfela, sai kujerun giya da na dif. Mafi muni, ƙasan bodin baya inda sabfirem, wato ƙarfen da ke riƙe dif da ƙafafun baya, yake ɗaure yana tsagewa a E46, ka leƙa wurin da tocila kafin ka fara komai. Kuma 330i dif ɗinta sake yake, taya ɗaya ce za ta yi ta hayaƙi ɗayar tana kallo.

Abin da ke cinye lamba biyu shi ne hannu. Yara suna fizgar sanda kafin ƙafa ta kai ƙasa, ko su dawo daga uku zuwa biyu ba su ɗan taɓa totur ba, sai zoben nan ya ɗauki aikin duka shi kaɗai. Ka shiga lamba biyunka a natse kafin kwana, ka zauna a cikinta. Ka daina ɗora hannu a kan sanda kana tafiya. Ni duk kilomita 30,000 nake juye man giya da na dif saboda wahalar da nake ba su. Mai tuƙin gida ya kai 50,000 ko 60,000 ba laifi.

Tsohon Direba:
Fili dai, ɗana. Ba titin unguwa ba, ba rakiyar amarya ba. Mun je jana'izar da ba ta kamata ba saboda wannan wasan.

Mai 330i:
In sha Allahu Baba, fili ne, kuma ba 'yan kallo a kusa. Na gode.

Ɗan Gareji:
Ranar juyen ka tsaya a kan motarka. A fara kwance notin zubawa na gefe kafin na ƙasa. In ka tsiyaye mai sannan na gefen ya ƙi kwantuwa, ka kwana a gareji. Motar ta ɗan yi tafiya tukuna don man ya tsinke, ta tsaya daidai a kan rami, ba a ɗage gefe ɗaya da jak ba. A tura sabon da famfo har ya fara dawowa ta bakin ramin, nan ne ma'auninsa. Tsohon kuma a tara shi a roba mai tsabta ka kai rana. Ƙyalli kamar hodar gwal kaɗan ba komai, tagullar sinkiro ce. Gutsattsarin ƙarfe da za ka ji a yatsa shi ne mugun labari. Man kuwa ka saya da hannunka, a rufe da hatiminsa, kada ka karɓi na awo a gorar ruwa.

Mai 330i:
Jama'a na dawo da rahoto. Takardar gefen giyar MTF-LT-1 ce. Da muka buɗe na gefe na zura yatsa, ban taɓo mai ba. Abin da ya fito bai cika gorar lita ɗaya ba, baƙi ƙirin, ga wari, ga hodar gwal ɗin da Ɗan Gareji ya faɗa, amma ba gutsattsari. Sil ɗin baya ya jiƙe, mun canja shi. Mun zuba 75W-80 GL-4, mun juye na dif, mun fitar da iskar kuloci, man da ya fito daga can kamar shayin da ya kwana.

Yau kwana biyar. Taurin safe ya tafi kusan duka. Ƙarar kuwa tana nan in na fizga da ƙarfi sosai, in na yi canjin direbobin roka babu ita. Ke nan maganar Injiniya ce, sinkiron ya taɓu. Yanzu tambayata: in buɗe wannan a canja zoben, ko in nemi wani giyabos ɗin a kasuwar Ƙofar Ruwa?

Injiniya:
Kada ka yi ko ɗaya yanzu. Giyar da ke shiga shiru in an bi ta a hankali tana da sauran tafiya mai nisa. Wanda za ka sayo ma shekarunsu ɗaya da naka, kuma ba ka san hannun da ya ja shi ba. Ka tara kuɗin kuloci, ranar da aka sauke sai a duba zoben da fil ɗin lamba biyar gaba ɗaya. Bayan kilomita 5,000 ka sake buɗe notin gefe ka ga ko man yana nan a bakinsa.

Sarkin Kwana:
Ka leƙa sabfirem ɗin kuwa?

Mai 330i:
Kai, na manta wallahi. Gobe zan koma ramin da tocila.