Rasit Uku a Rana Ɗaya, da Rigimar da Ta Biyo Baya

Mai Shago Na Fagge: Salamu alaikum jama'a. Yau raina a ɓace yake. Kafin azahar mutum uku suka shigo shagona, kowa da rasit ɗinsa: wannan na shara, wannan na allon talla, wannan na izinin kasuwanci. Ga harajin VAT da aka ɗaga daga kashi 5 zuwa 7.5 a 2020, yana cikin kuɗin duk kwalin da na saro. Wuta sai janareta, fetur kuwa tun da aka cire tallafi a 2023 kowa ya san halin da ake ciki. Iyayenmu da gyada da auduga da fata suka gina Arewa, aka kafa masaƙar Kaduna a 1957, aka buɗe jami'ar Zariya a 1962, kuma ba wanda ya matsa wa talaka haka. Me ya sa a da ake ganin aikin kuɗi, yanzu ba a gani?

Baban Khalifa: Wa alaikumus salam. Allah ya huci zuciyarka Alhaji, Allah ya kawo kasuwa.

Ɗan Sawaba: Alhaji, tsaya. Ba wanda ya matsa wa talaka? Wane talakan? Kakana ya sha ba mu labarin yadda ake shanya mutum a rana a ƙofar dagaci saboda kuɗin haraji. Kowane baligi sai ya biya, ko damina ta yi kyau ko ba ta yi ba. Bafulatani kuma a ƙirga masa shanu a karɓi jangali. Wasu da dare suke kwashe iyali su bar gari. Abin da ya tayar da jam'iyyar NEPU a 1950 ke nan. Kuma kai mai shago da janareta ba kai ne talaka ba.

Mai Shago Na Fagge: To ni mene ne, basarake? Ka zo ka duba littafin bashina.

Malam Na Ƙofar Mata: A nan Ɗan Sawaba ka yi kuskure a Hausarka. Talaka ba shi ne matalauci ba. Talaka shi ne wanda ba ya riƙe da sarauta, wanda ake mulka. Shi ya sa ake cewa sarakuna da talakawa, ba a cewa attajirai da talakawa a asalin magana. A wannan ma'ana ko Alhassan Dantata, da ya rasu a 1955 yana cikin mafiya arziki a Afirka ta Yamma, talakan Sarkin Kano ne.

Ɗan Sawaba: Subhanallahi! Malam, Dantata talaka? Mutumin da yake saya wa kamfanin Turawa gyada, wanda buhunansa ake jerawa su zama dala? To shi manomin da ya noma gyadar sai a kira shi me?

Malam Na Ƙofar Mata: Shi ma talaka. Kalmar ta ɗauke su duka biyun. Ba ni na ƙirƙiro Hausa ba.

Hajiya Mai Atamfa: Malam, da girmanka, wannan Hausar fada ce. A kasuwa idan mace ta ce min "Hajiya ki rage, mu talakawa ne", ba sarauta take nufi ba. Kuɗi ne babu.

Jikan Gamji: Duk wannan zagaye-zagaye ne don a ɓata sunan Sardauna. Mun san ku. Mutumin da ya rasu bai tara komai ba, ya bar Bankin Arewa, ya bar masaƙu a Kakuri ta Kaduna, shi za ku ce ya zalunci talaka? Ku nuna mana abin da naku suka gina.

Ɗan Sawaba: Ban ambaci sunan kowa ba, kai ka kawo. Amma tunda ka kawo, da kuɗin wa aka gina? Hukumar sayen amfanin gona ce kaɗai ke da ikon fitar da gyada waje. Ita ke yanka farashi, ta saya a hannun manomi ƙasa da kuɗin kasuwar duniya, ta riƙe rarar. Wannan haraji ne ko da ba a ba shi sunan ba, kuma ba rasit. Manomin Gumel da Ɗambatta ya biya, aka yi gini a Kaduna. Mu kuwa namu, da Abubakar Rimi ya hau gwamna a 1979 ya soke haraji da jangali a Kano, Balarabe Musa ma ya yi haka a Kaduna.

Jikan Gamji: Sokewa ai ba gini ba ne. Kuma da kuɗin fetur suka samu bakin sokewa. Da babu kason da ke zuwa daga tarayya, da me za su biya malaman makaranta? Tun daga nan gwamnati ta daina buƙatar manomi, shi ya sa ta daina jin maganarsa.

Baban Khalifa: Wannan magana ta ƙarshe abin dubawa ce fa.

Ɗan Kakuri: Ni abin da ya tsaya min shi ne "aka yi gini a Kaduna". Kullum Kanawa sai kun nuna kamar mun ci kuɗinku. Audugar Funtuwa da Gusau fa? Ita masaƙun ke saƙawa, ba gyadarku ba. Mahaifina shekara ashirin yana aiki a masaƙa, yau ku je Kakuri ku ga ciyawa ta cinye wurin. Ku kuma kuka cika kasuwa da atamfar Sin.

Hajiya Mai Atamfa: Kada ka ɗora mana, ɗana. Mu muka kashe wutar lantarki? Mu muka karya Naira a 1986 lokacin shirin gyara tattalin arziki na SAP, har kayan gyaran inji suka gagari masu masana'anta? Masana'antun Kano na Sharaɗa da Bompai da Chalawa ma ai sun mutu, ba Kakuri kaɗai ba. Mai saye abin da aljihunsa zai iya yake nema. In na kawo mai tsada wa zai saya, talakan?

Malam Na Ƙofar Mata: Kin ga, Hajiya, yanzu kin yi amfani da kalmar a ma'anarki, ba a ma'anar asali ba.

Ɗan Kakuri: Malam don Allah a bar mu da nahawu, ana maganar abincin mutane.

Jikan Gamji: Kuma a daina cewa hukumar ce ta kashe gyada. Farin 1973 ne da cutar da ta kama gyada a 1975.

Ɗan Sawaba: Fari ya zo ya tarar da manomi ba ajiya, saboda an riga an tatse shi. Wa ya tatse shi?

Jikan Gamji: Kawo lissafi.

Ɗan Sawaba: Kakana ne lissafina. Kai kawo naka.

Mai Shago Na Fagge: Jama'a ni fa rasit uku na kawo muku.

Shugaban Zaure: To, dare ya yi, bari in tattara. Abin da ya fito fili shi ne magabatanmu na Jamhuriya ta Farko sun karɓi kuɗin jama'a sun yi aikin da har yau muke cin moriyarsa, kuma ba wanda ya iya musanta wannan da hujja. Abin da Ɗan Sawaba ya kawo labarin kaka ne, muna girmama shi, amma ba a gina hukunci a kansa. Kan kalmar talaka, Malam ya fi mu sani, maganarsa muka ɗauka. Batun Kano da Kaduna kada a sake tayar da shi a nan. Alhaji, ka riƙa adana rasit ɗinka, kuma duk wanda ya zo ka nemi ya nuna maka katin shaidar aiki kafin ka ba shi ko sisi.

Ɗan Sawaba: Shugaba, wannan ba tattarawa ba ce, ra'ayinka ne. Ina maganar jangali? Ina ta hukumar gyada? Ko ɗaya ba ka ambata ba.

Hajiya Mai Atamfa: Ni ma ban yarda an ɗauki maganar Malam ba. Yaushe aka tambaye mu?

Mai Shago Na Fagge: Katin duk suna da shi, Shugaba. Na huɗu ma ya ce gobe da safe zai dawo.